A koyi sana'a, mun ji. Amma a ina, kuma da me?

Wata waƙa ta kama bakin mahukuntan ƙasar nan, duk wanda ya hau mumbari sai ya rera ta. Minista ya rera ta wajen bikin ba da takardun kammala karatu, gwamna ya rera ta wajen buɗe taron matasa, magajin gari ya amshe ta a rediyo. Amshinta ɗaya ne: gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa aiki ba, don haka matasa su daina jiran buro, su je su koyi sana'ar hannu. Ana gama jawabi a tafa, a raba lemo, mai jawabi ya shige mota mai sanyi, yaron da aka yi wa huɗubar kuwa ya naɗe takardarsa ya kama hanyar fada, inda butar shayi ke kan gawayi tun hantsi.

Bari in faɗa tun da wuri, don kada a juya mini magana: rabin farko na wannan waƙa gaskiya ne. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 a Nijar. Yau mun haura miliyan 25, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Babu baitulmalin da zai iya zaunar da wannan taro bayan tebur ya biya su albashi. Rabi na biyu ma, wato shawarar koyon sana'a, ba ni da ja da shi. Abin da nake ja da shi shi ne bakin da shawarar ke fitowa, da yadda aka maida ita sabulun wanke hannu. Wanda ya ce wa mai lisansi «je ka koyi walda», alhali bai tanadi wurin koyo ba, bai tanadi wuta ba, bai tanadi kasuwa ba, korar sa ya yi cikin ladabi.

Da farko a tambaya: wa ya koya wa ɗan lakkwal ƙyamar guduma? Ba da ita aka haife shi ba. Lakkwal ɗin da nasara ya kawo an gina ta don ta fitar da akawu da tafinta da malamin makaranta da ɗan aiken kwamandan. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a tura shi William Ponty a Senegal, ya dawo da taye a wuya. A wancan zamani, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas, aikin hannu shi ne abin da ake kama talaka a sa shi yi da bulala, alƙalami kuwa shi ne laya mai tsare mutum daga bulalar. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu, suka ɗauki darasi. Da aka sami ƴancin kai a 1960, ƙasa ta gaji tsarin ba ta taɓa shi ba, sai ma ƙarfafa shi da ta yi. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom na Arlit ke kwarara, ɗalibin jami'a yana karɓar tallafi duk wata, kuma tun kafin ya gama gwamnati ta riga ta san ma'aikatar da za ta zaunar da shi. Alkawari ne tsakanin ƙasa da iyaye: ku ba mu ɗiyanku, mu maida muku su ma'aikata. Manomi ya cire yaro daga gona, maƙeri ya cire nasa daga bakin zuga, bisa wannan alkawari.

Ƙasa ce ta karya shi. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, aka shiga tsuke bakin aljihu, ƙofar ɗaukar aiki kai tsaye ta rufe. Ɗaliban da aka buɗe wa wuta a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, har uku suka rasa rayukansu, sun fito ne don nuna ƙin waɗannan matakai da suka faɗa kan ilimi. Babban taron ƙasa na 1991 ya zauna wata uku yana tone-tone, amma bai taɓa tambayar da ta fi kowace ciwo ba: lakkwal ɗin da aka gina don fitar da ma'aikatan gwamnati, me za ta fitar yanzu da gwamnati ta daina ɗauka? A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin albashi ya taru wata bisa wata, masana'antun da ke akwai suka bi layi suna rufewa. Mu da aka haifa a wannan tsakani mun girma muna jin labarin alkawarin kamar tatsuniya, amma manhajar da aka koyar da mu ita ce dai ta zamanin alkawarin.

Abin mamaki, maimakon a gyara injin, sai aka ƙara masa gudu. Har 2010 jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar nan, ta Yamai. A shekarar aka buɗe na Maraɗi da Damagaram da Tawa; a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Madalla da haka, ɗan Gure ko na Bouza ya huta da kwana a farfajiyar wani a Yamai. To amma ina ake kai waɗanda suka fito? Hanyarsu kowa ya san ta, kamar hanyar rijiya. Shekara 2 na bautar ƙasa, a wata ma'aikata inda sau da yawa aikinsa jera takardu da sayen kati. Daga nan ya yi rajista a hukumar ANPE, wadda aka kafa tun 1996, ya karɓi katinsa. Ya shiga bin sanarwar neman ma'aikata, kowace tana neman gogewar shekara 3 ko 5 daga mutumin da ba a taɓa ba damar gogewa ta kwana ɗaya ba. Ya yi horon sanin aiki na wata 3 ba ko dala, a sabunta masa, a sake sabuntawa. In an buɗe jarrabawar shiga aikin gwamnati, dubbai su yi layi kan ƴan kujeru, kowa na raɗa cewa wanda bai da uwa a gindin murhu ɓata takalminsa kawai yake yi. In ya gaji, ya karɓi koyarwar kwantaragi a wani ƙauye, ya zama mushe ba don yana so ba, yaran talakawa su biya kuɗin takaicinsa. Shekara 30 ta riske shi a ɗakin da ya yi karatun bak, yana jin nauyin miƙa hannu ga tsohuwarsa don kuɗin kabu-kabu.

Wannan ne mutumin da ya fara tunanin sana'a, kuma ni ina ce masa tunaninsa daidai ne. A ɗauki alƙalami a yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na doka ya tsaya a sefa 30.047 tun 2012, sai a 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Duk wanda ya taɓa gina ɗaki biyu a Yamai ko Maraɗi ya san abin da ƙwararren mai sa karo ke karɓa a mako ɗaya, ya kuma san kwana nawa ya yi yana roƙon sa ya zo. Haka mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu: ya fi babban darakta wuyar gani. A zagaya wuraren manyan gine-gine na babban birni a saurari harshen da ake yi wajen jan wayar kuran da haɗa bututun ruwa da gyaran silin. Sau da yawa na Togo ne, ko Benin, ko Ghana. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, guminsu suke ci, kuma da ba su zo ba da gidajenmu na yoyo. Amma kuɗin da suke aikawa gida duk wata shi ne albashin da ɗanmu mai takarda ke nema a buro bai samu ba.

A nan dole in juyo kan namu. Akwai girman kai a cikin ƴan boko, kuma ƙaryarsa ta ƙare. Mutum ya yarda ya shekara biyar yana rancen kuɗin sabulu, amma ba zai yarda abokin karatunsa ya gan shi da baƙin mai a riga ba. Iyaye sun fi shi laifi. Yaro ya ce: «Baba, ina so in shiga garejin malam wane in koyi gyaran mota», sai uban ya ce: «Ashe don ka zama makanike na sayar da bijimina?» In ya je neman aure, dangin yarinya su fi son mai kwantaragin da ke bin bashin wata uku a kan kafinta mai shagon kansa, don dai a ce ƴarsu ta auri ma'aikaci. Ƙarƙashin wannan duka akwai wani tsohon ciwo da ba mu son taɓawa a jarida: a ƙasar Hausa ƙira da jima da fawa da wanzanci gado ne, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, amma har gobe akwai gidajen da ba sa ba maƙeri ko mahauci aure. Muna cin naman, muna noma da garmar, muna raina hannun da ya yi su. Mahukuncin da ke son a koyi sana'a, ya fara da faɗin wannan a gaban sarakuna da malamai, in yana da ƙarfin hali.

To, a ce saurayin ya haɗiye girman kai, ya shawo kan mahaifinsa. A ina zai koya?

Hanyar da mafi yawan masu sana'ar ƙasar nan suka bi ita ce zaman gaban maigida. Ana kawo yaro yana ɗan shekara 10 ko 12, ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya wanke ƙarafa, ya yi aike gidan uwargida, shekaru su wuce kafin a bar shi ya kwance inji shi kaɗai. Babu takardar yarjejeniya, babu ranar yaye da aka sani, babu albashi sai ɗan kuɗin abinci in rana ta yi kyau. Tsarin ya fitar da gwanaye, ba na musu. A je kasuwar Katako a ga yadda ake narka tsohon alminiyom a zuba tukwane, a ga abin da ake ƙerawa da gangar da wani ya jefar. Amma tsari ne da aka yi don yaro mai lokaci, wanda gidansu ke ciyar da shi. Mutum mai shekara 28 ba shi da shekara bakwai da zai ba tsintsiya. Maigidan ma yana ɗari-ɗari da shi: yana ganin ɗan boko zai raina shi, ko ya kwashe sirrin aikin cikin wata shida ya buɗe shago a gabansa. Kuma abin da maigida bai sani ba, ba zai koyar ba. Motocin da ke shigowa yanzu cike suke da kwamfuta, ana gano ciwonsu da na'ura, yayin da gareji da yawa har yanzu kunne da ƙwanƙwasa ne kayan bincikensu.

Makarantun sana'a fa? Akwai su. Akwai lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai Issa Béri da Kalmaharo a Yamai, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa horo. Gwamnatin Mahamadu Isufu ta yi alkawarin ɗaga rabon masu karatun sana'a daga 8 cikin 100 zuwa 25, sannan zuwa 40. An buɗe cibiyoyi, an yanka ƙyalle. Sai dai buɗe ƙofa da rataya allo ba shi ne horo ba. Cibiyar da ke koyar da walda a kan baƙin allo, ɗalibi talatin na kallon inji ɗaya, me ta bambanta da ajin falsafa? Ban da haka, waɗannan makarantu an tsara su don yaran da suka fito firamare ko kwaleji, kuma a idon jama'a, har ma a idon masu rarraba ɗalibai, nan ne ake zuba wanda ya kasa. Mai lisansin shari'a ko na ilimin zamantakewa da ke son ya zama mai haɗa wutar hasken rana cikin wata tara, ina ajinsa? Wace taga zai je? Masu jawabi ba su taɓa faɗi ba. Ni kuwa ina so a nuna mini ɗa ɗaya na babban jami'i da aka kai CFM. Nasu suna Faransa da Kanada da Maroko da Turkiyya suna karanta tafiyar da kamfani, don su dawo su shugabanci waɗanda aka ce su riƙe guduma.

A ce kuma ya koya. Da me zai fara? Injin walda da na yanka ƙarfe da hayar shago ba a sayen su da takardar lisansi. Banki zai nemi jingina, takardar fili ko albashin da ke shiga asusu, wato daidai abubuwan da rashinsu ya kawo shi. In dangi sun haɗa masa, sai ya gamu da kuran. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta katse wutar da ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha, kowa ya ga masu walda da kafintoci da masu niƙa zaune a ƙofar shago suna korar ƙuda. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma ɗaukewar wuta a lokacin zafi ta girmi takunkumi. Ranar da wuta ta zo, mai karɓar patanti ma ya zo, shi ba ya ɓata hanya. Hukumar da ba ta san ƙofar shagonka ba ranar da kake neman horo, ta san ta sarai ranar haraji.

Babbar magana kuwa ita ce kasuwa, kuma a nan ne munafuncin ya fito fili. Babu mai saye a ƙasar nan da ya kai gwamnati. Ita ke sayen teburan makaranta, da gadajen asibiti, da ƙofofi da tagogi, da kujerun buro, da kayan sarki. A shiga ofishin duk wani babban jami'i a duba kujerar da yake zaune a kai yana rubuta jawabin «ku koyi sana'a»: daga Dubai take, ko Sin, ko Turkiyya. Kwangila kan tafi hannun ɗan kasuwa mai sanayya, wanda bai taɓa riƙe zarto ba; ko ya shigo da kayan daga waje, ko ya ba kafintan unguwa aikin a rabin farashi ya cinye sauran. In ƙaramin mai sana'a ya yi sa'a ya samu kai tsaye, sai ya shekara yana bin kuɗinsa a baitulmali har jarinsa ya narke.

Ga misalin da ya kamata ya hana mu barci. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara ƙanana kimanin 20 suka mutu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, wata gobarar ta kashe fiye da 25. Hukumomin lokacin da bakinsu suka ce akwai azuzuwan zana kimanin 36.000 a faɗin ƙasa. Kowane ɗaya daga cikinsu aiki ne na magini da mai buga bulo da mai walda da kafinta da mai fenti. Ƙasa ɗaya ce ke da dubban samari zaune a fada, take kuma da dubban azuzuwan kara da ke jiran ashana. Wanda ya kasa haɗa waɗannan biyu ba shi da bakin yi wa kowa wa'azin ƙwazo.

Haka zancen man fetur. An buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011. An shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2.000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, ya fara aiki a 2024. Tsakanin waɗannan biyu shekara 13 ce, lokacin da ya isa a yaye masu waldar bututu da masu kula da injuna rukuni bisa rukuni. A 2024 an yi dokar fifita ƴan ƙasa a ayyukan ma'adinai da mai, a Maris na 2025 kuma aka sallami wasu shugabannin kamfanonin Sin uku, ana zargin bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan gida. To, an nuna fushi. Amma doka ba ta walda. In ba a horar da hannun da zai karɓi aikin ba, kamfani zai kawo takarda ya ce ya nema bai samu ba, kuma ba za a iya ƙaryata shi ba.

Abin takaici, mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa ya hango duk wannan. Abdu Mumuni, masanin kimiyyar lissafi da makamashi, ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya soki makarantar da ta raba kai da hannu, ta raba yaro da harshensa da aikin garinsu. Bai tsaya ga rubutu ba: a hukumar ONERSOL da ya jagoranta an ƙera na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana a nan Yamai. Mun rataya sunansa a ƙofar jami'a a 1992, muka bar tunaninsa a waje. Yau faifan hasken rana ya cika kasuwanni, masu lambun albasa a Galmi da kwarin Tarka na sayen injin ban ruwa mai aiki da rana, kuma in ya lalace sai a jira wani ya zo daga birni.

A nan ne karatun saurayinmu zai yi rana, don shekarun jami'a ba asara ba ne. Ya iya karanta takardar bayanin inji, ya iya lissafin ƙarfin batir da faɗin waya, ya iya rubuta ƙiyasin kuɗin aiki da riƙe littafin shiga da fita, ya iya cike takardun neman kwangila da ke tsorata maigidan gareji. Maigida na da hannu, shi yana da alƙalami. Shagon da ya haɗa biyun shi ke girma ya ɗauki mutum goma. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda duniya ta daɗe da sanin kyanta, har yanzu yawancinta ɗanya take ƙetare iyaka, wasu su jeme, wasu su ɗinka, mu sayo takalmin.

Saboda haka ga abin da muke nema daga masu mulki, tun da su suka ɗauko zancen. A buɗe horo na wata 6 zuwa 12 musamman don masu takardun jami'a, a cikin IUT da lise na fasaha da ke akwai, da yamma da lokacin hutu sa'ad da injuna ke kwance. A bar mai bautar ƙasa ya zaɓi yin shekarunsa 2 a gareji ko wurin gini, a biya shi alawus ɗinsa, a biya maigidan da ya koyar da shi, a rubuta ranar yaye a takarda. A yafe wa sabon shago patanti na shekarun farko. A hana kowace ma'aikata sayen tebur ko kujera ko ƙofa daga waje muddin ana ƙera irinsu a gida, a yanka kwangilar azuzuwa ƙanana-ƙanana yadda ƙungiyar magina ta gari za ta iya ɗauka, a kuma biya cikin kwanakin da doka ta yanka. Sannan tun da kundin da aka zartar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ma'aikatar da ke kula da koyon sana'a ta gaya mana ranar da za ta buga littafin farko na aikin lantarki da na gyaran inji cikin Hausa, wanda mai lisansi da yaron gareji za su iya buɗewa tare a kan benci ɗaya, da kuma kuɗin da ta ware masa a kasafin bana.